Hannun da Ya Rage a Kafaɗar Kyaftin

Hayin Dogo, Samaru,
Zariya.
16 ga Janairu, 2000.

Zuwa ga Yayana Suhail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya. Ya Aba, ya kasuwa, ya mutanen da kuke tare? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Takalman Sallah da ka aiko sun iso. Nawa ya yi mini cif, na Baba kuwa yana ƙarƙashin gado a cikin ledarsa, ka dai san halinsa da duk abin da ya fito daga can.

Shi ne ma ya sa ni wannan rubutun. Tun da aka fara cacar baki a kan maganar Shari'a, rediyonsa ba ya sauka daga kan keken ɗinki. Ya ce in gaya maka ka tattara kayanka ka dawo gida kafin Babbar Sallah. Na ce masa shekara uku kana sayen takalma a Aba kana aikowa Zariya ba abin da ya taɓa samun ka. Ya dube ni ya ce, "Ke ba ki san yadda gari yake juyawa ba." Tun rasuwar Inna ban ga ya rame haka ba.

Bari in ba ka labarin karatu, ko da yake na san ka raina shi, kai da kake cewa na shiga jami'a don in koyi zanen kwano da ayaba. Aikin da zan gama da shi a kan tsofaffin hotunan wasanni ne na Sabon Gari. Malamata, Dakta Omolara, ta haɗa ni da wata tsohuwa a bayan unguwar PZ, Mama Lucia, matar marigayi Dominic mai hoto, mutanen Zonkwa ne da suka daɗe a Zariya. Ta buɗe mini ɗakin da ya bari, akwatuna cike da gilasan da yake ɗaukar hoto a kansu. In ka ɗaga gilashin a rana za ka ga mutane, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, sai an wanke a takarda suke komawa daidai.

Dakta ta hana mu fara kallon fuska. Ta ce a fara da ƙafa, da inuwa, da gefen hoto, nan ne mai hoto yake mantawa da kansa. Kuma gaskiyarta. Duk masu takalmin ƙwallo za ka gan su tsugune a gaba, akawuna ne da masu albashi. Marasa takalmi an tura su baya, inda ba a ganin ƙafarsu. Baturen jirgin ƙasa a tsakiya kan kujera ya rungume kofi, shi da ko ƙwallo bai taɓa ba. Kowa ya yamutse fuska, don kyamarar Dominic mai ƙafa uku sai da tsakar rana take gani. Abin dariya kuma, ba ta iya kama mai gudu. Duk hoton da ka ga ɗan wasa ya yi tsalle ya sa wa ƙwallo kai, ƙwallon a rataye take da zare. Na sa madubin ƙara girma na ga zaren ƙuru-ƙuru, ni da Mama Lucia muka yi ta dariya har da hawaye.

To ga abin da ya tsaya mini a rai. Ka tuna hoton 'yan ƙwallon nan da ke rataye a shagon Baba, na kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda aka rubuta 1965 a jikin ƙwallon? Wanda ka taɓa ƙirgawa muna yara ka ce mutum goma ne, Baba ya ce ai golan makara ya yi? Na sami gilashinsa. Yaya, golan bai makara ba. A layin baya, daidai inda muke ganin farin bango, an shafe wurin da jan fenti. In aka shafa fenti a gilashi, haske ba ya ratsawa, wurin sai ya fito fari fat a takarda kamar ba kowa. Amma wanda ya yi shafen ya bar abu ɗaya. Akwai hannu a kan kafaɗar kyaftin, hannu kawai, ba mai shi. Ina jin ya ga in ya shafe hannun zai ɓata rigar kyaftin ɗin.

Na tambayi Mama Lucia ko wane ne. Ta ce idonta ya mutu, ba ta gani, ta tashi ta shiga kicin. Matar da ta gama nuna mini zare!

Ka gaishe da Elias mai yi maka takalma. Don Allah ka duba maganar Baba, ka aiko da amsa ko layi biyu ne.

Ƙanwarka,
Rahamatu.


Hayin Dogo, Samaru.
15 ga Fabrairu, 2000.

Yaya Suhail,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Amsarka ta iso, na karanta wa Baba. Da na zo inda ka ce kana da kaya a hannun masu aiki, sai ƙarshen Maris za ka taho, sai ya ci gaba da taka keke ba tare da yadi a ƙarƙashin allura ba.

Yaya, karanta wannan kai kaɗai, kada ka bar ta a inda wani zai gani.

Na koma wajen Mama Lucia. Cikin hira ta sako cewa mijinta bai taɓa ɗaukar hoton taro sau ɗaya ba. Sau biyu yake yi, ko da wani ya ƙifta ido ko ya motsa. Na biyun yakan naɗe shi a jarida ya ajiye a wani akwati daban. Tana faɗa ta rufe bakinta da hannu, amma na riga na ji. Na bari sai da ta shiga wanka na jawo akwatin, Allah ya yafe mini. Na sami na biyun, ba fenti a jikinsa ko ɗigo.

Na kai shi ɗakin duhu na sashenmu na wanke. Ba ka taɓa ganin yadda hoto yake fitowa ba: farar takarda ce a cikin ruwan magani, sai ka ga mutane suna tasowa a hankali. Ina tsaye ina kaɗa farantin, sai ga ka. Kai, Yaya. Goshinka, wushiryarka, har yadda kake karkatar da kai in za ka yi gardama. Saurayi dogo cikin baƙar rigar gola, ya ɗora hannu a kafaɗar kyaftin. Sai na zauna a ƙasa.

Na ƙara girman hannun. Ƙaramin yatsan a karkace yake, ya yi waje kamar ƙugiya. Shekara nawa muna kallon yatsan nan yana tura yadi? Baba ya ce mana ƙofar mota ce ta datse shi. Dakta ta taɓa gaya mana masu tsaron gida na wancan zamani ba sa sa safar hannu, shi ya sa da wuya ka ga tsohon gola mai miƙaƙƙun yatsu.

Akwai sauran abu biyu. A gefen gilashin, inda aka yanke a hoton shago, akwai wata yarinya da ba ta wuce sha uku ba, riƙe da buta da tawul, fuskarta ta ɗan yi dishi-dishi don ta motsa tana dariya. Na biyun shi ne ya hana ni cin abinci. A wuyan golan akwai siririyar sarƙa, da ɗan gicciye a jikinta.

Na so in ce wa kaina kama ce kawai. Sai shekaranjiya, ranar wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Najeriya da Kamaru, maƙwabta suka fito da talabijin ƙofar shagon Baba don a nan ne ake da soket. Ka san shi, bai taɓa kallon ƙwallo ba, cewa yake aikin banza ne. Ya ba su baya yana ɗinki. Da aka zo bugun fenareti na kawo masa ruwa, sai na tarar ya juyo. Gwiwoyinsa sun ɗan lanƙwashe a kan kujera, tafukansa a buɗe. Kafin mai bugu ya taɓa ƙwallo, sai jikin Baba ya karkata hagu, ƙwallo kuwa ta tafi hagu. Aka sake, ya karkata dama, ta tafi dama. Ba wanda ya lura, kowa na ihu. Da muka haɗa ido sai ya sunkuya yana neman almakashin da ke hannunsa.

Tsoro nake ji, Yaya. Malam Jafaru tela, wanda ba ya rasa sahun farko, wanda ya dake mu a kan hadda, wane ne shi? Ka taɓa lura ba mu da dangin uba ko ɗaya? Cewa aka yi mana maraya ne daga wani ƙauye a bayan Giwa, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba. Ka taɓa ganin ya shiga Sabon Gari? Ko zare ne ya ƙare sai dai ya aike mu. Kuma ba a shafe mutum daga hoto haka kawai. Ko wani abu ya yi, ko wani abu ake so a yi masa.

Wani abin kuma, Dakta Omolara ta shigo ta tarar da hotunan biyu suna bushewa. Ta yi ta murna, ta ce wannan ne zuciyar aikina, za a rataye su kafaɗa da kafaɗa a baje kolin da za a yi a watan Maris, jama'ar gari su zo su gani. Ba ta san komai ba, baiwar Allah. Na ce mata zan yi tunani. Ka duba mutanen Samaru nawa ne suka san fuskarka.

Ban yi wa Baba maganar ba. Ka ba ni shawara. Ka kula da kanka.

Taka,
Rahamatu.


Samaru.
25 ga Fabrairu, 2000.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya. Mu muna nan da rai. Ban san ko wannan za ta iso ba, gidan waya yau a buɗe, gobe a rufe.

Na san labarin rikicin Kaduna ya iso muku. Abin ya wuce yadda rediyo take faɗa. Motoci suna ta shigowa Zariya da mutane, wasu ba ko takalmi. Nan ba a taɓa kowa ba tukuna, amma gari ya yi tsit irin wanda ba na so. Sojoji sun fito daga barikin Basawa. An rufe rabin shagunan PZ. A layinmu, mutanen da muke gaisawa kullum yanzu sai su tsaya rukuni-rukuni suna ƙasa da murya, ana lissafa gidan wa da gidan wa ba namu ba ne. Jiya na ji wani yana cewa ai tun asali an san kowa. Na wuce da tulun ruwana ban tsaya ba.

Na kasa haƙuri na je duba Mama Lucia. Na tarar ta ɗaure kayanta a zani tana zaune a kai, ta ce ta rasa inda za ta. Na ajiye mata hoton a cinya. Ta daɗe tana shafa shi, sannan ta ce, "Ɗiyana, tun ranan da kin shigo gidan nan na gane goshin."

Sunansa Amaechi. Ibo ne, ɗan wani maƙerin jirgin ƙasa, a Sabon Gari aka haife shi, shi ya sa Hausarsa ba ta da tabo. Ta ce babu golan da ya kai shi a lokacin, har hotonsa Dominic ya manna a tagar shago don jawo ciniki. Da rikicin sittin da shida ya tashi, aka kashe mahaifinsa da wansa. Ya samu ya tura ƙanwarsa Ebele cikin jirgin da ya kwashi mutane zuwa kudu, ita ce yarinyar mai buta. Shi bai samu shiga ba. Kowa a garin ya san fuskarsa saboda ƙwallo da hoton taga. Dominic ya ɓoye shi a ɗakin wankin hoto, ya cire na taga ya ƙona, ya ɗauki fenti ya shafe shi a gilashi, don duk wanda ya zo neman a sake wanke masa ya samu ba shi a ciki. Kyaftin ɗin, wani Bazazzagi mai suna Jafaru, shi ya fitar da shi cikin motar gyaɗa zuwa ƙauyensu. A can ya koyi ɗinki, a can ya musulunta bayan shekaru, don kansa, ya ɗauki sunan mutumin da ya cece shi. Inna ta sani, ta tafi da abin kabarinta.

Ka tuna kalmar nan da muke kiran Ibo da ita muna yara, har kai kana kwaikwayon Hausarsu muna dariya? Yanzu na tuna Baba bai taɓa furta ta ba, kuma bai taɓa dariyar ba. Tashi yake ya fita.

Na ɓoye gilashin da hoton a cikin buhun masara. Na gaya wa Dakta ya fashe. Ita ma yanzu ba ta baje koli take ba.

Yaya, ana cewa motocin da suka kwashi gawarwaki sun nufi kudu. In suka isa, kai ne Bahaushen da ke kusa. Bar takalman, bar komai, ka hau duk motar da ka samu. Baba ba ya ɗinki, ba ya cin abinci, yana zaune da rediyo a kunne.

Allah ya tsare mana kai.

Rahamatu.


Sabon Gari, tashar motocin kudu.
2 ga Maris, 2000.

Yaya Suhail,

Assalamu alaikum. Allah ya sa wannan ta same ka da rai da lafiya. A tsaye nake rubutu, mota na jira, ka yi haƙuri da hannun.

Saƙon Elias ya iso. Ya bugo waya shagon buga waya na PZ inda ka saba samu na, mai shagon ya hau acaɓa ya zo har Samaru. Mun ji an ƙona unguwarku, mun ji kana kwance a bayan tarin fatu a sitonsa, mun ji matasa sun tare hanyoyin fita suna sauke duk wanda suka ga ɗan arewa ne. Mun kuma ji ya ce maƙwabtansa sun fara tambayar wa yake kai wa abinci, ba zai iya riƙe ka fiye da haka ba. Ba na ganin laifinsa, yana da 'ya'ya. Allah ya saka masa.

Da mai shagon ya gama bayani, Baba bai yi salati ba, bai yi kuka ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗauko abin da kika sa a buhun masara." Ashe ya sani. Ya ce tun ranar da na dawo ina warin maganin wankin hoto ina kallon hannunsa ya gane. Na kawo masa hoton da na wanke. Yaya, mutumin nan bai ga fuskarsa ta samartaka ba shekara talatin da wani abu. Bai ma tsaya a kan tasa ba. Yatsan nan nasa ya ɗora a kan yarinyar mai buta, ya daɗe a haka.

Ya ce Ebele tana da rai, ko dai tana da rai shekarun baya. Bayan yaƙin basasa wani ɗan kasuwa ya gaya wa Dominic ta yi aure a wani ƙauye kusa da Aba. Na tambaye shi me ya hana shi neman ta. Ya ce da farko tsoron mutanen nan ne, daga baya tsoron ta ne: ya je mata da hula da carbi, da sunan mutanen da take ganin su suka kashe ubanta. Ya ce kullum yana cewa baɗi, har tsoron ya zame masa jiki. Shi ya sa ranar da ka ce Aba za ka, ya kwana uku bai yi maka magana ba.

Ga dalilin hoton. Ranar da ya tura ta cikin jirgi, ya cusa mata nasa kwafin a cikin riga, na asali, kafin fenti. In tana da rai, ya ce, yana nan a wajenta. A saninsa, duk duniya biyu ne kawai suka rage da gola a ciki, nata da wannan.

Ya sa babbar rigarsa ya ce mu tafi tashar manyan motocin kudu. Maƙwabcinmu mai acaɓa da ƙaninsa suka kai mu. Tashar cike take da Ibo masu gudu, katifu, tukwane, yara na kuka. Da suka ga dattijo da hula da gemu ya shigo tsakiyarsu sai wasu samari suka miƙe. Na riƙe rigarsa. Mama Lucia, da muka tarar a can, ta nuna mana Kevin, direban da ke zuwa Aba, ya san layin su Elias. Baba ya yi masa magana da Hausa, ya kawar da kai ya ce motarsa ba gidan waya ba ce. Sai Baba ya buɗe baki.

Ban san muryar ba, Yaya. Harshen yana fita da ƙyar, yana tsayawa yana laluben kalma, amma Ibo ne. Ban ji komai ba sai sunanka da na Ebele da Amaechi. Wani tsoho mai sayar da kayan mota ya ture mutane ya zo ya kama hannun Baba ya juya shi, ya ga yatsan, ya ɗora hannu a ka yana kiran sunan. Ya ce yana yaro a bayan ragar Baba yake tsayawa, kuma su duk sun ɗauka ya mutu. Kevin ya karɓi ambulan ɗin hoton da hannu biyu.

Na waiga na ga maƙwabcinmu mai acaɓa tsaye baki buɗe. Kafin la'asar duk Hayin Dogo za su ji. Baba ya gan shi, ya ce in rabu da shi.

To ka saurara. Baba ya rubuta sunan ƙauyen da na dangin mijinta a bayan hoton. Kada ka fita. Ka ba Elias ya kai mata, ya ce ta ɗauko nata ta haɗa. In ta yarda, ta zo da 'ya'yanta maza su ɗauke ka, ba wanda zai sauke ka daga motar da suke ciki. Baba ya ce kada ka yi ƙarya a kan addininka ko sunanka. Ka ce kai Suhail ne, ɗan Amaechi gola, ka bar ta ta kalli fuskarka.

In kuma ta rasu, ko ta ƙi, ban san abin da zan ce maka ba. Ban sani ba, Yaya.

Kevin yana danna hon. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarka,
Rahamatu.


Hayin Dogo, Samaru.
13 ga Maris, 2000.

Yayana Suhail,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Ya jikinka, ya ƙafar da ka ce ta kumbura? Ya Gwaggo Ebele da mutanen gidanta? Ka ga har na iya faɗa, ko da yake sai da na gwada a bakina kafin in rubuta.

Kevin ya dawo jiya ya kawo takardarka. Na karanta wa Baba har sau uku. Inda ka ce ta fito da nata daga cikin Littafi Mai Tsarki, duk ya yi ja ya karye a tsakiya, ya ce in tsaya. Inda ka ce ta zo siton da kanta da samari huɗu, ta ɗaga fatun ta gan ka, ta faɗi zaune tana kiran ka da sunansa, ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe. Na ji shi ta bayan ƙofa. Ko ranar rasuwar Inna bai yi irin wannan kukan ba.

Na ga ka ce ta tanadar maka buta da wurin salla, amma har yanzu ba ta tambaye ka komai a kan Baba ba, kuma da ka fara ba ta labarinsa ta tashi ta bar wurin. Wannan ban karanta masa ba.

Kada in ɓoye maka, nan ba daɗi. Labari ya zagaya. Mutum biyu sun zo sun karɓe yadinsu na Sallah ba a ɗinka ba. An jefi rufin shago da dutse, ba mu ga mai jifan ba. Wata da muka yi islamiyya tare ta gan ni a famfo ta ɗauke bokitinta. Ranar Juma'a na bi Baba da ido har ya shiga masallaci, ina tsaye a bakin layi ina karanta duk abin da na iya. Liman ya riƙe hannunsa ya ja shi sahun farko inda ya saba, wasu suka matsa masa, wani kuma ya canza wuri. Har yanzu in na ji hayaniya a waje sai in tashi in leƙa. Na ce masa mu koma wani wuri na ɗan lokaci. Ya ce ya gama ɓuya.

Ya sauke tsohon hoton shago. Ya sa na sake wanke na gilashi na biyu, babba, da yarinyar da butarta da sarƙar da komai, ya rataye shi a kan ƙusar da wancan yake. Duk wanda ya shigo sai ya gani. Na roƙe shi ya bari gari ya lafa, ya ƙi. Ya ce in je in gaya wa Dakta gaskiya cewa gilashin bai fashe ba, in tana so ta rataye su biyun.

Kada ka yi gaggawar tahowa, ka bari hanya ta yi kyau ko da Sallah za ta wuce. Takalman da ka aiko masa ya ciro su daga leda, ya ce su zai sa ranar idi.

Saƙo ɗaya ya ba ni, ya sa na maimaita masa don kada in canza. Bai ce ka roƙe ta gafara ba, ya ce wannan da bakinsa zai yi in ta yarda ya zo. Cewa ya yi kafin ka taho ka nemi mai hoto a garin, ku tsaya kai da ita, ka ɗora hannunka a kafaɗarta. Ka ce wa mai hoton ya ɗauka sau biyu, ɗaya nata ɗaya namu, kuma kada ya taɓa komai a ciki.

Ka gaishe ta, ka gaishe da Elias da kyau. Mama Lucia ta kwance kayanta, tana gaishe ka.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Rahamatu Jafaru Amaechi.